Gidajen Tsakiyar Ƙarni na Ashirin: Ginin da Kyansa Yake Cikin Tsayuwarsa

A tsakanin shekarar 1945 da ƙarshen shekarun 1960 an samu wani salon gina gidajen zama wanda ya yi ƙarfi a Amurka, musamman a jihar Kalifoniya, ya kuma bazu zuwa ƙasashe da dama, kuma shi ne masana tarihin gine-gine suke kira salon zamani na tsakiyar ƙarni, sunan da ya kama bakin jama'a bayan marubuciya Cara Greenberg ta fitar da littafinta a kan kayan ɗakin shekarun 1950 a 1984. Yawancin gidajen ba su da bene, rufinsu shimfiɗaɗɗe ne ko kuwa mai ɗan gangare kaɗan, wasu bangayensu gilashi ne tun daga daɓe har rufi, kuma ba a yi musu sassaƙa ko zanen ado ko kaɗan. Mutumin da ya saba auna darajar gida da tsawonsa da yawan ƙyale-ƙyalensa zai iya wucewa ta gabansu ba tare da ya waiwaya ba, alhali kuwa masu zanensu sun zuba dukkan basirarsu ne a wasu wurare dabam: yadda ginin yake ɗauke da nauyinsa, yadda haske da iska suke ratsa shi, da yadda ya zauna a kan filin da aka ba shi. Wanda ya koyi duba waɗannan abubuwa uku shi ne zai iya bambance gidan da ya yi nasara da wanda ya tsaya a kyan hoto kawai.

Tushen salon

Tunanin da ya haifi waɗannan gidaje ya girme su da kusan shekara talatin. A 1919 Walter Gropius ya kafa makarantar Bauhaus a garin Weimar na ƙasar Jamus, inda ake koyar da cewa siffar abu, kujera ce ko gida, ya kamata ta fito daga aikin da zai yi da kuma kayan da aka yi shi da su, ba daga kwaikwayon fadojin dā ba. Da matsin lambar 'yan Nazi ya sa aka rufe makarantar a 1933, malamanta suka watsu, Gropius da Marcel Breuer suka koma koyarwa a Jami'ar Harvard a 1937, shi kuma Ludwig Mies van der Rohe ya sauka a Shikago a 1938, kuma ɗaliban da suka fito daga hannunsu su ne suka cika ofisoshin zanen gine-gine na Amurka bayan yaƙi. Tun kafin zuwansu, wasu masu zanen gine-gine biyu daga birnin Biyana na Ostiriya, Rudolph Schindler da Richard Neutra, sun riga sun zauna a Los Anjelis, inda suka gano cewa yanayin wurin, mai ƙarancin sanyi da yawan rana, yana ba da damar a buɗe gida ga lambu kusan duk shekara.

Tushe na biyu daga cikin Amurka yake, wato mai zanen gine-gine Frank Lloyd Wright, wanda ya daɗe yana neman hanyar da ma'aikaci mai matsakaicin albashi zai mallaki gida mai kyan tsari. Gidan da ya gina wa wani ɗan jarida, Herbert Jacobs, a garin Madison na jihar Wisconsin a 1937, a kan kuɗi kimanin dala 5,500, ya ƙunshi kusan duk abin da za a maimaita daga baya: ya juya wa titi baya ya fuskanci lambu, an haɗa wurin zama da wurin cin abinci ba tare da bango a tsakani ba, an shimfiɗa bututu a ƙarƙashin daɓen kankare don ɗumama ɗakuna lokacin sanyi, sannan a maimakon rufaffen gareji aka yi wa mota rumfa kawai.

Bayan yaƙi

Lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, miliyoyin sojojin Amurka suka dawo gida suna neman aure da muhalli, a ƙasar da ta yi kusan shekara goma sha biyar ba ta gina isassun gidaje ba saboda karyewar tattalin arziki da kuma yaƙin kansa. Dokar da aka zartar a 1944 don taimaka wa tsofaffin sojoji ta sauƙaƙa musu samun rancen sayen gida, masana'antun da suka ƙware wajen sarrafa ƙarfe da alminiyom da katako mai falle-falle da aka manne da gam suka shiga neman sabuwar kasuwa, motar hawa kuma ta sa zama a bayan gari ya yiwu ga mai aiki a tsakiyar birni.

A cikin wannan hali ne John Entenza, editan mujallar Arts & Architecture, ya sanar da wani shiri a watan Janairun 1945 wanda aka sani da Case Study Houses, wato gidajen gwaji, inda mujallar take zaɓar masu zane su tsara gidajen da za a iya maimaitawa da kayan masana'anta, a gina su, a buɗe wa jama'a su shiga su gani kafin masu su tare. Shirin ya ci gaba har 1966, an buga zane 36, an gina fiye da ashirin daga ciki, kuma mutane fiye da 350,000 ne suka ziyarci shidan farko. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara shi ne na takwas, wanda Charles Eames da matarsa Ray suka gina wa kansu a unguwar Pacific Palisades a 1949 da ƙarafan da aka saba gina masana'antu da su. Asalin zanen ya nuna gidan zai ratsa tsakiyar wani fili mai ciyawa, amma kafin ƙarafan su iso sai ma'auratan suka ga filin ya fi ƙarfin a ɓata shi, suka sake zanen, suka jingina ginin da gindin tudu a bayan jerin itatuwan turare, suka bar filin yadda suka same shi. A cikin gidan suka zauna har ƙarshen rayuwarsu, Charles ya rasu a 1978, Ray kuma a 1988, kuma wannan dogon zama shi ne babbar shaidar cewa gidan ya yi aikin da aka gina shi dominsa.

Yadda ake duba irin wannan gida

Abu na farko da mai kallo zai nema shi ne abin da yake ɗauke da rufin. A ginin bulo da aka saba, bango ne yake ɗaukar nauyi, saboda haka dole ya yi kauri, tagogi kuma su zama ƙanana don kada ya raunana. A waɗannan gidaje kuwa an kafa ginshiƙai sirara na katako ko na ƙarfe a jere da tazara daidai wa daida, aka gicciya dogayen katakai ko ƙarafa a kansu, aka ɗora rufi, ta yadda bango ya zama labule kawai wanda za a iya yi da gilashi, ko a matsar da shi, ko a bar shi gaba ɗaya. Sau da yawa ba a rufe waɗannan gicciyayyun katakai da silin, ana barin su a fili, har ma a bar su su ratsa gilashin su fita waje su riƙe bakin rufin, ta yadda mai zaune a falo yana iya bin su da ido ya ga inda nauyin ya faro da inda ya sauka. Wannan jeri na ginshiƙai da tazararsu shi ne ya tsaya a matsayin ado, kuma shi ya sa ƙaramin kuskure a awo ko a haɗin katako yake fitowa fili, domin babu filasta ko zanen da zai ɓoye shi.

Abu na biyu shi ne tsarin ɗakuna. Tunda bangayen ciki ba sa ɗauke da komai, sai aka haɗa falo da wurin cin abinci da kicin suka zama fili ɗaya mai faɗi, wanda ake rarrabewa da kabad ko murhun ɗumama ɗaki ko ɗan bangon da bai kai rufi ba, aka ware ɗakunan kwana a wani ɓangare, ƙanana kuma marasa yawan kaya. Dalilin haka ya haɗa da sauyin zaman iyali, domin matsakaitan iyalan Amurka na bayan yaƙi ba su da masu aikin gida, uwar gida ce take girki tana kuma lura da yara, don haka kicin ya baro bayan gida ya dawo tsakiyarsa. Gidan da faɗinsa bai kai murabba'in mita 150 ba yakan yi kamar ya ninka haka, saboda ido ba ya cin karo da bango, yana wucewa ta ƙofar gilashi mai zamewa zuwa baranda da lambu, musamman idan daɓen ciki da na waje tsayinsu ɗaya ne kuma kayansu iri ɗaya.

Abu na uku shi ne lissafin rana. A ƙasashen da suke arewa sosai, rana takan yi sama ƙwarai a lokacin zafi, ta kuma yi ƙasa ta karkata kudu a lokacin sanyi, saboda haka mai zanen da ya san aikinsa yakan fuskantar da babban gilashin kudu, ya miƙo bakin rufi a kansa da awon da zai tare ranar bazara ya bar ta hunturu ta shigo ta ɗumama daɓe. A ɓangaren titi kuma akan sa siraran tagogi a can sama, dab da rufi, waɗanda suke shigo da haske su fitar da iska mai zafi ba tare da mai wucewa ya leƙa ciki ba. Kayan ginin ma ana barin kowanne da kamanninsa, katako da zanen jikinsa, dutse da kaushinsa, jan bulo ba shafe, don kada wani abu ya yi shigar wani.

Gidajen Eichler da talakan birni

Duk da sunan da gidajen gwaji suka yi, ba a maimaita su da yawa ba, kuma mafi yawan sababbin unguwannin Amurka sun ci gaba da tsohon salo mai tulluwar rufi, kamar Levittown ta jihar New York inda aka gina gidaje fiye da 17,000 tsakanin 1947 da 1951, domin masu ba da rance ba su cika amincewa da gida mai shimfiɗaɗɗen rufi ba. Wanda ya kai salon ga malamin makaranta da injiniya da ƙaramin ma'aikaci shi ne Joseph Eichler, ɗan kasuwar da ya yi shekaru yana harkar man shanu da ƙwai, wanda ya taɓa zama haya a wani gida da Wright ya zana, zaman da ya sauya masa sana'a. Kamfaninsa ya gina gidaje fiye da 11,000 a Kalifoniya, yana ɗaukar ƙwararrun masu zane irin su Robert Anshen da A. Quincy Jones da Claude Oakland, a lokacin da sauran masu gina unguwanni suke ganin biyan mai zane ɓarnar kuɗi ce.

Daga ƙarshen shekarun 1950 gidajen Eichler suka fara zuwa da wani buɗaɗɗen fili marar rufi a tsakiyarsu, wanda ɗakuna suke kewaye da shi ta bangayen gilashi, fuskar gidan ta titi kuwa kusan rufe take ruf, sai ƙofa ɗaya da wurin mota. Bahaushen da ya tashi a gidan gargajiya ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin hikimar tsakar gida ke nan, inda iyali suke samun sarari da iska da hasken sama ba tare da idon waje ya kai gare su ba. Eichler ya kuma bambanta da takwarorinsa ta wata fuska mai nauyi, domin yana sayar da gida ga kowa ba tare da duba launin fata ko addini ba, a zamanin da Levittown take hana baƙaƙen fata saye, har ya fice daga ƙungiyar masu gina gidaje ta ƙasa a 1958 saboda ta ƙi goyon bayan wannan manufa.

Inda aƙida ta fi ƙarfin mazauni

Gidan da ya fi kowanne nuna iyakar salon shi ne wanda Mies van der Rohe ya gina wa Dokta Edith Farnsworth, likitar ƙoda a Shikago, a bakin kogin Fox kusa da garin Plano na jihar Illinois, wanda aka kammala a 1951. Ginshiƙan ƙarfe takwas masu farin fenti ne suke riƙe da daɓe da rufi, duk bangayen waje gilashi ne, ciki kuma ɗaki ɗaya ne tal, sai wani akwatin katako a tsakiya mai ɗauke da banɗakuna da kicin, kuma an ɗaga ginin kimanin mita ɗaya da rabi daga ƙasa don gudun ambaliya. Masana suna lissafa shi cikin gine-gine mafi tsabtar tsari na ƙarnin, amma ga mai shi ya zama kyan ɗan maciji: in ban da ƙofa, ƙananan tagogi biyu ne kawai suke buɗuwa, zafi yakan taru a ciki da bazara, sauro da ƙwari sukan yi dafifi a kan hasken fitila da dare, masu son kallo kuma sukan leƙo ta ba ta da inda za ta ɓuya. Kuɗin ginin ya haura abin da aka tsara har ya kai kimanin dala 74,000, rigimar ta kai su kotu, inda Mies ya yi nasara. Kogin ma bai tsaya a awon da aka yi masa ba, domin ruwa ya shiga cikin gidan a 1954 da 1996 da 2008.

Darasin wannan gida ya fi fitowa idan aka ajiye shi kusa da gidajen garin Palm Springs da ke hamadar Kalifoniya, inda zafi bai bar wa kowa damar yin sakaci ba. A gidan da Neutra ya gina wa attajiri Edgar Kaufmann a 1946, ya sa jerin faifan alminiyom a tsaye masu juyawa don tare iska mai yashi da zafin rana, ya kuma miƙa rufi ya inuwantar da hanyoyin da suka haɗa sassan gidan. Albert Frey, ɗan ƙasar Suwizalan da ya taɓa aiki da mai zanen gine-gine Le Corbusier, ya daɗe yana nazarin tafiyar rana a jikin dutsen San Jacinto kafin ya kammala ƙaramin gidansa a 1964, ya daidaita tsawon bakin rufin da abin da ya gani, sannan ya bar wani ƙaton dutse da ya tarar a wurin ya shigo cikin gidan ya raba wurin kwana da wurin zama.

A wasu ƙasashe

Kowace ƙasa da salon ya shiga sai da yanayinta da al'adarta suka lanƙwasa shi. A Birazil, Lina Bo Bardi ta ɗora gidanta na gilashi a kan siraran ginshiƙai a gangaren wani tudu a Sao Paulo a 1951, ta bar rami a tsakiyar falon don itace ya girma ta ciki, dajin da ya taso kewaye da shi kuma ya zama labulensa. A Meziko, Luis Barragán ya bi wata hanya, ya rage gilashi, ya yi amfani da dogayen bangaye masu launi mai ƙarfi da rufaffen lambu a gidansa na 1948, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2004.

A Afirka ta Yamma, ma'aurata 'yan Ingila Maxwell Fry da Jane Drew sun zana makarantu a ƙasar da yanzu ake kira Ghana da kuma gine-ginen farko na Jami'ar Ibadan, inda suka fahimci cewa bangon gilashi zai mai da ɗaki tanda, don haka suka koma ga siraran gine-gine da iska take ratsawa daga gefe zuwa gefe, da faffaɗar baranda, da bangon kankare mai huji-huji wanda yake tace rana ya bar iska ta wuce, kamar yadda ake gani a ɗakin karatun jami'ar. Littafin da suka buga a 1956 a kan gini a ƙasashe masu zafi da laima ya zama jagora ga masu zane da dama, kuma ana ganin tasirin wannan tunani a gidajen ma'aikata da na malaman jami'o'i da aka gina a biranen Nijeriya a shekarun da suka kewaye samun 'yancin kai.

Faɗuwa da farfaɗowa

Zuwa ƙarshen shekarun 1960 jama'a sun fara gajiya da salon, masu suka irin su Robert Venturi suna ganin ya cika bushewa, sannan tashin farashin man fetur na 1973 ya tona asirin gilashi mai falle ɗaya da rufin da ba a sa masa abin tare zafi da sanyi ba. Shimfiɗaɗɗen rufi yakan yi yoyo idan ba a kula da shi, bututun da aka binne a daɓe idan ya ruɓe sai an fasa kankare, wasu kayan zamanin kuma, irin su asbestos, an gano suna cutar da huhu. Da filaye suka yi tsada, ƙaramin gida a kan babban fili ya zama abin rushewa, kuma rushe gidan Maslon na Neutra a garin Rancho Mirage a 2002, jim kaɗan bayan an sayar da shi, ya tayar da hankalin masu kishin adana gine-gine ƙwarai.

Ƙoƙarin ceto ya riga ya fara kafin nan, domin an kafa ƙungiyar Docomomo a ƙasar Holan a 1988 don tattara bayanai da kare gine-ginen wannan zamani. A 2003 masu adana tarihi suka sayi gidan Farnsworth a gwanjo a kan dala miliyan 7.5 suka buɗe shi ga masu ziyara, tun 2006 ake gudanar da bikin mako na gine-ginen zamani a Palm Springs duk watan Fabrairu, a 2019 kuma UNESCO ta sa gidan Jacobs cikin gine-ginen Wright takwas da ta amince da su. Gyaran da ake yabawa a yau shi ne wanda yake magance raunin ginin, ya sa gilashi mai falle biyu da sabon rufi marar yoyo, ba tare da ya kaurara ginshiƙai ko ya toshe tagogi ko ya shafe katako da fenti ba.

Hukuncin da shekaru saba'in suka yanke a kan waɗannan gidaje a bayyane yake: waɗanda aka zana bayan an san inda rana take fitowa, da inda iska take kaɗawa, da yadda iyalin da za su zauna suke rayuwa, har yau ana zaune a cikinsu ana kuma rububin sayensu, waɗanda kuwa aka fifita tsabtar zane a kan jin daɗin mazauni sun koma wuraren ziyara ko sun sha gyare-gyare masu tsada. Saboda haka duk wanda ya mallaki tsohon gida na wannan zamani, a Kalifoniya yake ko a Kaduna, ya kamata ya tambayi dalilin kowace baranda da kowane huji na bango kafin ya kira magini ya toshe su, wanda kuma yake shirin sabon gini ya fara da nazarin filinsa kafin ya zaɓi hoton da zai kwaikwaya.